YADDA MASANA KE RUƁAR DA HAƘORI DA GANGAN, SU KUMA AUNA RUƁAR

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san dare yana da tsawo. A Kankiya, ko a Kusada, ko a ƙauyukan da ke tsakaninsu, idan ciwon nan ya kama mutum, abin da a kan fara cewa shi ne tsutsa ce ta shiga haƙorin tana ci. Wannan magana ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi ta ba. Mutanen Babila sun rubuta ta a allunan laka tun shekaru dubbai da suka wuce. Turawa ma sun daɗe suna riƙe da ita, har a 1728 wani likitan Faransa, sunansa Pierre Fauchard, ya wallafa littafi a kan haƙora, ya nuna bai yarda da ita ba. Ba mu ga laifin mutanen da ba. Wanda ya ga huji a jikin wake ya san aikin ƙwaro ne, wanda ya ga rami a azara ya san gara ce. To, in ya ga rami a haƙori, me zai ce?

Amma fa maganar ba ƙarama ba ce, gama abin da mutum ya ɗauka shi ne sanadin ciwo, shi ya ke nema wa magani. Mai zaton tsutsa ce sai ya kashe kuɗinsa wajen turare da masu cirewa a kasuwa, ramin kuwa yana ta faɗi, har kumatu su kumbura, a ƙarshe a kai shi asibiti a fid da haƙorin. Haƙorin babba kuwa in ya fita ba ya sake tsirowa.

Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda masana suka san gaskiyar al'amarin. Ba zato suka yi ba. Sun ɗauki haƙori lafiyayye, suka sa shi cikin kwalba inda babu tsutsa ko ɗaya, suka ruɓar da shi da hannunsu, sa'an nan suka auna abin da ya ragu a jikinsa. Gani ya kori ji.

GININ HAƘORI

Kafin mu shiga ɗakin gwaji, sai mu san abin da za a ruɓar. Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon nan mai sheƙi da mu ke gani in mutum ya yi dariya. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba, ga shi kuwa inda ya fi kauri bai wuce milimita biyu da rabi ba. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, mai ɗan fatsi-fatsi, wanda bai kai ɓawon tauri ba. Can tsakiya kuma akwai ɗan kogo inda jijiyoyi da hanyoyin jini su ke, nan ne zogi ke tasowa.

Ɓawon nan kusan duk ma'adini ne. In aka raba nauyinsa kashi 100, wajen kashi 96 ma'adini ne, sauran ɗan ruwa ne da wasu abubuwa kaɗan. Ma'adinin kuwa haɗin abu biyu ne, kalsiyam da fosfet, sun jeru sanda sanda kamar yadda a kan jera kara a danga, da 'yan ƙananan ƙofofi a tsakaninsu waɗanda ido ba ya gani. Ƙashin haƙori shi wajen kashi 70 ne ma'adininsa, don haka in ruɓa ta huda ɓawo ta iske shi, sai ta yi sauri. Ku riƙe wannan, gama duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa ya ke. Ruɓar haƙori ita ce ficewar ma'adinin nan daga mazauninsa, awonta kuwa shi ne sanin nawa ya fita, daga ina kuma.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

A 1683 wani ɗan kasuwa a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya duba ta da madubin ƙara girma wanda ya haɗa da kansa. Sai ya ga ƙananan halittu suna motsi a ciki, ba su ƙirguwa. Su ne mu ke kira ƙwayoyin bakteriya yau. Amma an yi shekara ɗari biyu ba a tabbatar da abin da su ke yi wa haƙori ba.

Wani likitan Faransa, Emile Magitot, ya nuna a 1867 cewa in aka jiƙa haƙori cikin ruwan sukari aka bar shi ya yi tsami, haƙorin ya kan zaizaye. Bayansa sai W. D. Miller, Ba'amurke ne mai aiki a Barlin ta ƙasar Jamus. Shi ya riƙa cuɗa yawu da burodi ko sukari, ya sa haƙori a ciki, ya ajiye a wuri mai ɗumi daidai da ɗumin jikin mutum. Sai ya tarar cakuɗin ya yi tsami, tsamin kuma ya tausasa haƙorin. A littafinsa na 1890 ya ce aikin hawa biyu ne: ƙwayoyin baki su ci sukari su fid da tsami, tsamin ya narkar da ma'adini. Babban tsamin da su ke fitarwa kuwa irin wanda ke cikin nono ne in ya kwana.

Tsami yana da ma'auni, wanda wani masani na ƙasar Danmak, Sorensen, ya ƙago a 1909, a na rubuta shi pH. Tsabtataccen ruwa 7 ne. In lambar ta yi ƙasa tsami ya ƙaru, kowane mataki ɗaya kuwa ninki goma ne. Yawu kusa da 7 ya ke, kindirmo wajen 4, ruwan lemon tsami wajen 2. Ɓawon haƙori ya kan fara narkewa in aka sauka ƙasa da wajen biyar da rabi. A 1944 Robert Stephan a Amurka ya sa mutane suka kurkure baki da ruwan sukari, ya bi dauɗar haƙoransu yana aunawa. Cikin 'yan mintoci lambar ta faɗi ƙasa ƙwarai, sa'an nan ta riƙa hawa sannu sannu, ba ta komo mazauninta ba sai bayan rabin awa ko awa guda.

Gwaji biyu da aka yi da ɓeraye suka ƙarasa hujjar. A 1950 aka riƙa ɗura wa waɗansu abinci mai sukari ta mesa har ciki, bai taɓa bakinsu ba, haƙoransu ba su ruɓe ba. A 1954 kuma Frank Orland da abokan aikinsa suka yi renon waɗansu a akwati mai tsabta inda babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya, suka ba su sukari iyakar cinsu, su ma haƙoransu ba su ruɓe ba. Ashe sai uku sun gamu, haƙori da ƙwayoyi da sukari, kuma sun daɗe tare.

ABIN DA YA SA A KE YI A KWALBA

Mai karatu ya iya cewa, tun da ga mutane nan da yawa masu ruɓaɓɓun haƙora, don me za a wahala a ƙago wata ruɓa? Dalili uku ne. Na farko, ruɓa a bakin mutum ta kan ɗauki watanni ko shekaru, a kwalba kuwa kwanaki ko makonni. Na biyu, ba a samun baki biyu iri ɗaya, wannan yawunsa ya fi yawa, wancan ya fi shan zaƙi, don haka in an ga bambanci ba a san me ya kawo shi ba. A kwalba kuwa a na iya daidaita kome, a sauya abu guda tak. Na uku shi ne mafi nauyi. Tsakanin 1945 da 1953, a wani asibitin masu taɓin hankali da ke Vipeholm a ƙasar Suwidin, an riƙa ba marasa lafiya fiye da 400 abinci iri iri, waɗansu har da alewa mai danƙo tsakanin cin abinci da cin abinci, don a ga abin da zai faru. An ga abin da ya faru, haƙoran masu cin alewar suka lalace ƙwarai, aka tabbatar yawan maimaita zaƙi ya fi yawan zaƙin ɓarna. Amma ba a nemi yardar bayin Allah ɗin nan ba, ba su kuwa da ikon su ƙi. Yau dokokin bincike sun hana irin wannan. Abin da ba ya halatta a yi wa mutum, sai a yi wa haƙorin da ya riga ya fita.

Haƙoran da a ke aiki da su iri biyu ne. Akwai na mutane waɗanda likita ya cire lafiyayyu don wani dalili, kamar turmin ƙarshe da ya rasa wurin fitowa. Amma waɗannan ba su da yawa, don haka masana a ƙasashe da dama suka koma ga haƙoran shanu. Kowane mahauci a Kankiya, da kowane dillali a kasuwar Charanchi, ya san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne gare ta a ƙasa, da su ne ma a kan gane shekarunta. Haƙoran nan faffaɗa ne, a na iya yanka guda ɗaya a fid da gutsure uku ko huɗu masu kama da juna, a yi wa kowanne magani dabam. Sai dai ɓawon na saniya ya ɗan fi na mutum ƙofofi, ruɓa ta fi saurin shigarsa, mai gwaji kuwa ya kan sa wannan cikin lissafinsa.

YADDA A KE ƊORA RUƁAR

Da farko a wanke haƙorin, a ajiye shi cikin ruwan magani don kada ya bushe. Sa'an nan a yanka gutsure, a goge fuskarsa ta yi sumul. Sai a shafe shi duka da jan farce irin wanda mata ke shafawa, ko da kakin zuma, a bar 'yar taga guda mai faɗin milimita kaɗan. Amfanin wannan a fili ya ke. Tsami ba ya ratsa jan farce, don haka in an gama aka kankare shi, ga wurin da aka ruɓar, ga kuma lafiyayyen wuri daf da shi, a kan haƙori guda, sai a gwada wannan da wancan.

To, a nan ne wuyar aikin ta ke. In aka tsoma haƙori cikin tsami mai ƙarfi, sai ya zaizaye daga sama, hawa bisa hawa, kamar yadda ruwan sama ke cin katangar ƙasa. Wannan zaizaya ce, kuma ta kan sami masu yawan tsotsar tsamiya ko lemon tsami. Amma ruɓa ta ainihi ba haka ta ke farawa ba. In ka busar da haƙorin yaro ka duba kusa da dasashi, wani lokaci ka ga farin tabo kamar an ɗiga alli. In aka yanka wurin aka duba da madubi, sai a ga fuskar tana nan kusan yadda ta ke, ƙarƙashinta ne ya rarake. Aikin gara ke nan a jikin azara, waje lafiya, ciki ya zama gari. Sai ranar da rufin ya kasa ɗaukar nauyin tauna ya rufta, sa'an nan mutum ya ce jiya jiya rami ya fito masa, alhali an daɗe a na haƙa shi.

Don a sami irin wannan a kwalba, sai da masana suka yi dabaru biyu. Ta farko ita ce a sa tsamin cikin abu mai kauri. Kun san yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa in ya huce. Abin da ke daskarar da shi a kan tace shi daga fata da ƙashi, a zuba masa tsamin nono har ma'auni ya kai wajen 4 ko huɗu da rabi, a nutsar da haƙori a ciki makonni da dama. Kaurin nan yana yin aikin dauɗar haƙori, watau ya hana tsami isa da gaggawa, ya kuma hana ma'adinin da ya narke gudu, har waninsa ya sake zama a fuskar. Leon Silverstone na Ingila ya yi suna da wannan hanya a shekarun 1960. Dabara ta biyu ita ce a narka kalsiyam da fosfet cikin ruwan tsamin tun da farko, amma kada su kai yadda zai ƙoshi. Ruwan da ya kusa ƙoshi ba ya ci da haɗama. Wannan ne ma ya sa kindirmo, duk da tsaminsa, ba ya zaizaye haƙori, gama ya riga ya ƙoshi da kalsiyam da fosfet na madara.

Amma baki ba ya zama cikin tsami dare da rana. Tsami ya zo bayan an ci zaƙi, yawu ya zo ya wanke, ya kuma mayar da ma'adini. Don a kwaikwayi wannan, a 1982 ten Cate da Duijsters a Holan suka shirya hanyar kwalba biyu, ɗaya mai tsami, ɗaya mai kama da yawu, a riƙa kai haƙori nan a dawo da shi can. A wani tsari da John Featherstone ya shirya a Amurka a 1986, haƙori ya kan yi awa 6 cikin tsami, wajen awa 17 cikin mai kama da yawu, kullum haka har mako biyu, a ɗumi 37 kamar jikin mutum. A tsakani a kan tsoma shi cikin man goge baki da a ke so a gwada. Da irin wannan hanya a ke tantance man goge baki da yawa kafin a kai ga gwada su a bakin mutane.

Waɗansu ba su gamsu ba sai sun sa ƙwayoyin da kansu. Tun 1952 Ward Pigman a Amurka ya haɗa wata na'ura da a ke kira bakin roba, watau tulun gilashi ne mai ɗumi, a kafa haƙori a ciki, a shuka masa ƙwayoyin baki, ruwan abinci yana ɗiga a kansa. Wadda aka fi shukawa ita ce wadda J. K. Clarke ya gano a London a 1924, ya sa mata suna Streptococcus mutans. Akwai kuma hanyar tsaka-tsaki, a manna ɗan gutsuren ɓawo a jikin wata roba da mutum zai sa a bakinsa da yardarsa, ya yi kwanaki da ita, sa'an nan a ciro gutsuren a auna. Gutsuren ya sha yawu na gaskiya, haƙoran mai ɗaukarsa kuwa ba su cutu ba.

YADDA A KE AUNAWA

Ruɓar da aka ƙaga zurfinta bai cika wuce kaurin takardar nan da ku ke karantawa ba, watau wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ina mudun da zai auna wannan? Hanyoyi huɗu ne manya.

Ta ɗaya ita ce gwajin tauri. Magini in yana so ya san ko tubali ya bushe, ya kan danna shi da farce. Haka a ke yi a nan, sai dai farcen na lu'ulu'u ne mai tsini, nauyin da a ke ɗora masa kuwa sananne ne, kamar giram 50, na daƙiƙa kaɗan. A ɗaga, a duba shaidar da ya bari da madubi, a auna tsawonta. In ta yi tsawo, wurin ya yi taushi. Frederick Knoop na Amurka ya ƙago irin wannan tsini a 1939. A ma'auninsa lafiyayyen ɓawo ya kan ba da wajen 340, ƙashin haƙori wajen 70. A kan auna kafin a ruɓar, a auna bayan an ruɓar, a kuma auna bayan an yi magani, sai a san nawa aka yi hasara, nawa aka maido. In a na son sanin abin da ke ƙarƙashi, sai a raba gutsuren biyu, a bi gefen yankan a na dannawa daga fuska zuwa ciki.

Ta biyu ita ce hoton ƙashi, irin wanda a ke ɗauka a asibiti, amma na ƙanƙanin abu. A yanko falle daga haƙorin, a goge shi har ya zama siriri kamar takarda, a aza shi bisa faifan hoto. Kusa da shi a ajiye wani ɗan tsani na alminiyam, kowane mataki an san kaurinsa. Hasken ya ratsa su tare. Inda ma'adini ke da yawa ya tare hasken, inda ya ragu ya bar shi ya wuce. Sai a gwada duhun kowane wuri da duhun matakan tsanin, a lissafa ma'adinin da ke nan. Masana a Suwidin ne suka tsara lissafin a 1963. Abu biyu a ke samu, zurfin ruɓar da jimlar ma'adinin da ya ɓace, kuma har yau da wannan hanya a ke gwada gaskiyar sauran hanyoyi. Aibinta guda, sai an yanka haƙorin.

Ta uku ita ce a duba fallen nan da wani irin madubi mai tace haske, wanda ke sa wurare su fito launi launi gwargwadon yawan ƙofofinsu. Da shi a ke ganin ruɓa tana da sassa huɗu: fuska, da cikin ruɓar inda aka fi ɓarna, da wani layi mai duhu, da bakin gaba inda ta ke sabon ci. Da aka ga ruɓar kwalba ta fito da sassan nan daidai da ta baki, sai aka tabbata kwaikwayon ya yi.

Ta huɗu ba ta bukatar yanka. In aka haska haƙori da wani shuɗin haske aka dube shi ta gilashi mai launin rawaya, sai ya yi ƙyalli kore kore, inda ma'adini ya ragu kuwa ya yi duhu. A ɗauki hoto, kwamfuta ta lissafa yawan duhun. An kyautata wannan hanya a shekarun 1990, kuma a na iya yin ta har a bakin mai rai. Akwai kuma na'urar da ke juya haƙori tana ɗaukar hoton ƙashi ɗaruruwa, kwamfuta ta haɗa su ta nuna cikinsa duka, a kuma maimaita bayan mako ko wata a ga yadda ruɓar ta ƙaru ko ta ragu.

ABIN DA AWON YA KOYA MANA

Babban abin da aka samu shi ne ruɓa tana da tafiya tana da komowa. Muddin rufin nan bai rufta ba, ma'adini na iya komawa mazauninsa. An gani a kwalba, an kuma gani a bakin mutane. A 1966 Backer Dirks na Holan ya ba da labarin fararen tabo 72 da ya gani a haƙoran yara 'yan shekara 8. Da suka kai shekara 15 ya sake dubawa, 37 sun ɓace, 26 suna nan yadda su ke, 9 kaɗai suka zama rami. Watau haƙori kamar rumbu ya ke, a na ɗiba a na zubawa, wanda ya fi yawa shi ke rinjaye.

Abin da ke taimakon zubawa shi ne yawu da wani sinadari da a ke kira fulorayid. Gwajin kwalba biyu ya nuna ko kaɗan ne daga cikinsa, in yana nan a kan haƙori lokacin da tsami ya zo, ya kan rage fitar ma'adini, ya gaggauta komowarsa, ma'adinin da ya koma kuwa ya fi na da jimirin tsami. Shi ya sa a ke sa shi a man goge baki, wajen kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan. Amma kome ya wuce kima ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram ɗaya da rabi a litar ruwan sha. A Tibiri, kusa da Maraɗi, a shekarun 1990 yara da yawa sun sha ruwan da fulorayid ɗinsa ya wuce haddi ƙwarai, haƙoransu suka yi tabo, ƙasusuwan waɗansu suka lanƙwashe. Don haka mai ba yaro man goge baki ya ɗiga masa kaɗan, ya kuma koya masa tofarwa.

Abin da ke taimakon ɗiba kuwa shi ne maimaici. Ku tuna da awon Stephan. Kowane kurɓin shayi mai sukari, kowace alewa, kowace gaɓar rake, tana jawo wajen rabin awa na tsami ko fiye. Yaron da ya cinye alewa biyar a zama ɗaya bayan tuwo ya fi wanda ya raba su biyar daga hantsi zuwa magariba samun sauƙi. Mafi muni shi ne a kwanta da zaƙi a baki, gama yawu ya kan ragu ƙwarai cikin barci. Aswaki kuwa, na bedi ne ko na marke, in an yi shi da kyau a kowace fuska yana kawar da dauɗar da ƙwayoyin ke zama ciki, kuma mu da mu ke alwala sau da yawa a yini muna da sa'ar da ba kowa ke da ita ba. Hukumar nan ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum wajen biliyan 2 ke da ruɓa a manyan haƙoransu, yara kuma fiye da miliyan 500 a haƙoran nono.

GWAJIN DA KOWANE MALAMI ZAI IYA YI

Ku da za ku fita ku riƙe aji, da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, ba sai kun sami lu'ulu'u ko kwamfuta ba kafin ku nuna wa yara tushen wannan magana. Ku roƙi mahauci haƙoran gaba na saniya guda uku, ku wanke su sarai. Kada ku taɓa na mutum, gama yana iya ɗauke da cuta. Ku shafe kowanne da jan farce, ku bar taga. Ɗaya ku sa cikin ruwan rijiya, ɗaya cikin kindirmo, ɗaya cikin ruwan lemon tsami, kuna sauya ruwan kowace safiya. Bayan mako guda ku fitar, ku busar, ku bar yara su karce kowace taga da allura, su rubuta abin da suka gani. Ta ruwan rijiya tana nan da sheƙinta, ta kindirmo da ƙyar za a ga sauyi, ta lemon tsami kuwa ta yi fari fat, ta yi garas garas, allura na kama ta. Ku gaya musu wannan zaizaya ce, ruɓar baki ta fi ta sanɗa, amma mai aikin ɗaya ne. Sa'an nan ku tambaye su, wa ya ga tsutsa?

In kuma kun ga farin tabo a haƙorin yaro kusa da dasashi, ku gaya wa iyayensa tun rumbun bai ƙare ba, a rage masa zaƙi tsakanin abinci, a goge masa safe da dare. In ya riga ya zama rami, to, yawu ba ya cike rami, sai a kai shi wurin likitan haƙori ya share ya toshe tun ciwon bai kai jijiya ba. Allah Ya sa mu yi aiki da abin da muka sani, amin.